Agogon da Ya San Hanyar Bukka

Idan damina ta kusa ɗaukewa, gajimare kan sauko ya zauna a kan duwatsun bayan Vimtim, da safe sai ka ga kamar duwatsun suna shawagi ne, ba su taɓa ƙasa ba. A irin wannan lokacin ƙanina yakan zo daga Mubi a kan babur, ƙafar wandonsa jiƙe da raɓa. Ɗan jarida ne, yana aika wa wani gidan rediyo rahoto. Ni kuwa tun da na bar koyarwa, gonar gyaɗa ce ofishina.

Yana da wata al'ada da ke ba ni dariya. Kafin ya ce min ina kwana, zai kashe wayarsa, ya naɗe ta a tsumma, ya cusa ta cikin buhun gyaɗata har gwiwar hannu.

"Adda, waya tana da kunne," in ji shi. "Wanda zan je gani ba ya so a san na je."

"To, gyaɗar fa? Ka tabbata ba ta da baki?"

Sai ya ɗebi cike da hannu, ya fita yana ɓarewa.

A shekarar ne wani babban mutum ya fara kafa shinge a filayen bakin mayo, wato rafinmu, inda mutane ke noma tun kakanni. Mai gadin gonarsa, wani dattijo da ke zaune a bukka a gindin dutse, ya ga yadda aka matsar da alamun iyaka, abin ya tsaya masa a rai. Shi ne ƙanina ke zuwa gani. Abu ɗaya dattijon ya roƙa: kada a san shi ne ya yi magana, domin bukkar da abincin bakinsa duk a hannun maigidan suke.

Nakan tsaya a bakin shinge ina kallon ƙanina yana ratsa masara. Farar rigarsa ta ɓace, ta sake bayyana can gaba, ta ƙanƙance, har gajimaren ya rufe shi. Ba ka jin komai sai kurciya da ƙarar ruwa a kan duwatsu. Raina yakan kwanta sosai a lokacin. Ina ganin duniya gaba ɗaya mun rufe ta a buhu, shi kuma ya tafi inda ba mai iya bin sa.

A hannunsa akwai agogo. Da Kirsimeti aka tara 'yan jarida a wani ɗakin taro, aka ci shinkafa, mutanen babban mutumin nan suka raba musu agoguna, an riga an saita su, sai dai a ɗaura. A wajenmu ba a mayar da kyauta, ba a kuma jefa ta a akwati. Sawa ake yi, don mai kyautar ya gani ya ji daɗi. Agogon baƙi ne sumul, idan ya ɗaga hannu fuskarsa ta yi haske, ya nuna masa bugun zuciyarsa. Na ce masa yanzu ko likita sai ya nemi izini wajen agogon. Ba wanda ya taɓa tunanin a sa shi a buhu. Agogo ne ai.

Rahoton ya fita, ba suna, ba murya. Mutanen bakin mayo suka yi ta murna, ni ma na yi tafiyar alfahari zuwa coci.

Ba a daɗe ba ƙanina ya zo da rana tsaka, hannunsa babu agogo, sai sawun madaurin a fata. Ya zauna a kan turmi bai taɓa ruwan da na kawo ba. Wani abokin aikinsa ne ya gano cewa agogunan suna da layinsu na kansu kamar waya, kuma duk inda mutum ya taka suna zana shi a taswira, su aika wa wanda ya saita su. Ya garzaya bukkar, ya tarar an sa wani mai gadi. Ban taɓa ganin sa cikin baƙin ciki irin na ranar ba.

Washegari da hantsi, ina shanya gyaɗa, dattijon ya yi sallama. Ɗan ƙunshin kayansa na kansa, yana jan akuya da igiya. Ya ce zai koma wajen 'yarsa a Sorau.

"Malama, mutanen maigida sun nuna mini a waya," ya ce. "Hanya daga gidan nan har ƙofata, jan layi. Har wurin da ƙaninki ya tsaya ya sha ruwa, ya zana musu."

"Baba, wallahi ba shi ya zana ba. Agogon ne..."

Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa mai kare ɗan'uwansa, ya gyara ƙunshin a kansa.

"Ba komai. Yaro ne, wataƙila sun tsorata shi. Ki gaya masa ni na yafe."