Ranar da na danne kan Baba a kogin Potomac

Abin ya daɗe, kuma ban amince da ƙwaƙwalwata sosai ba. Ina jin a tsakiyar shekarun 1980 ne, bayan na gama digiri, lokacin ina zaune a Silver Spring a gidan wani dattijo mutumin Kaduna, ma'aikacin asibiti, wanda ya riƙe ni kamar ɗansa. Baba nake ce masa.

Ina aikin sa kai a wani kulob a bakin kogin. Muna wanke ƙananan kwale-kwale, irin waɗanda iska ke turawa da babban ƙyalle, muna duba igiyoyi, su kuma suna koya mana tuƙi. Wata Lahadi aka ce kowa ya kawo baƙo. Baba ya zo kai tsaye daga coci, da babbar riga da hula.

Na miƙa masa rigar kariya daga nitsewa da hannu biyu. Ya sa ta a ƙarƙashin babbar rigar, bai ɗaure ba. Na gani, amma bakina ya yi nauyi.

"Malam mai digiri, ja mu je," in ji shi. "Ko tsoro kake ji?"

Tsoro nake ji kam. A ƙasan ƙyallen akwai doguwar sandar ƙarfe. Duk lokacin da za a juya jirgin, sandar takan wulla daga wannan gefe zuwa wancan, daidai kan mutumin da ke zaune. Dokar kulob ita ce mai tuƙi ya yi ihu, kowa ya sunkuya. Ni kuwa ban taɓa ɗaga wa babba murya ba. Kuma sai da muka yi nisa Baba ya faɗa mini, yana dariya, cewa bai iya ruwa ba.

Sama ta yi duhu ta wajen Virginia, ko dai haka nake tunawa. Iska ta sauya, tana cika wa Baba riga, jirgin yana karkata, ruwa yana shigowa ta gefe. Muna nufar duwatsun gaɓa. Dole in juya.

Na ce, "Baba, don Allah, in ba damuwa, da za ka ɗan..."

"Me ka ce? Buɗe baki mana!"

Na ji ƙyallen ya saki, na san sandar ta taso. A raina na hango Baba a cikin ruwa, rigar ta jiƙe tana jan shi ƙasa, ni kuma ina tsaye gaban Mama, matarsa, a ƙofar gida ba ni da abin faɗa.

"Sunkuya!"

Na kai hannu na danne kansa har gwiwa. Sandar ta wuce, ta kwashe hular ta jefa a kogi.

Muka iso gaɓa. Na kasa ɗaure igiya, sai da wata mata 'yar kulob ta karɓa. Ina ta tunanin inda zan kwana, don wanda ya taɓa kan dattijo bai kamata ya sa ran tuwo a gidansa ba.

A mota ya shafa kansa, ya ce, "Ashe kana da murya." Sai ya miƙo mini makulli, ya ce in tuƙa.

Mama takan ce ba hular ce ta faɗa ruwa ba, tabarau ne. Wataƙila ita ke da gaskiya, ko da yake ba ta wurin. Baba ya rasu. In akwai wanda ya tsaya a gaɓar a ranar ya gani, ina roƙo ya aiko mini da gyara.