Tsokar Farko

Ƙamshin hulba ba ya yi mini daɗi, kuma ba laifin hulbar ba ne. Shekaranjiya a layinmu na Mount Hope wani mai kai abinci a keke ya gifta ta gabana, ƙamshin ya biyo bayansa, sai na tsinci kaina tsaye a bakin titi da ledar cefane a hannu. Kai mai karatu, wataƙila a wurinka hulba abin shan masu jego ce da masu neman ƙiba. A gidanmu ƙamshin sallama ce.

A unguwar Highbridge na tashi, nan ƙasar Turawa, a wani bene da ke kan tudu, inda kafin ka kai ƙofar gida ka gama hakin yini guda. Babanmu mutumin Kano ne, tasi yake tuƙawa, kuma magana tsada take yi masa. Idan abu mai nauyi ya taso ba ya faɗarsa a gida, domin bangon ɗakunanmu ba ya riƙe sirri. Maƙwabtanmu na sama 'yan Zangon Kumasi ne, na ƙasa mutanen Maraɗi, duk Hausa suke ji. Umma takan ce maganar da aka yi a falonmu da safe, kafin azahar an gama tattauna ta a ƙasashe uku. Don haka sai Baba ya jira Lahadi, bayan la'asar ya ce kowa ya sa kayan kirki, ya zuba mu a mota zuwa gidan abincin wasu Yamalawa.

Tun a Kano ya san mutanen Yaman, ya yarda da yankansu. Umma kuwa ba ta taɓa ganin abin yabo a girkinsu ba. Miyar da babu daddawa, in ji ta, ruwan zafi ce da aka yi wa kwalliya.

A can ƙuryar gidan abincin akwai wurin iyali, an shimfiɗa darduma an saki labule. Za ka cire takalmi ka zauna a ƙasa. Da farko a kawo romo da yankan lemon tsami, sai gurasa mai faɗin faifai, da zafinta daga tanderu. Bayanta kaskon dutse yake zuwa, baƙi ƙirin, miyar nama tana tafasa a ciki, kumfar hulba a samanta. Ma'aikacin kansa sai ya naɗe hannu da tsumma yake ɗauko shi. A ƙarshe a ajiye tiren shinkafa da kafaɗar rago. Nan ne Baba yake yin bisimilla, ya yagi tsokar farko da hannunsa, ya ajiye ta a gaban mutum ɗaya.

Zuwanmu na farko, a gaban Yaya ya ajiye ta. Lokacin Yaya ya fara tsayuwa da wasu samari a kusurwar layi. Kafin Lahadin ta zagayo yana Kano, wurin Kawu, sai muryarsa a waya. Zuwa na biyu, Hajiya ce, mahaifiyar Baba, wadda ta zo rainon Auta sanyi ya hana ƙafafunta sakat. Ta karɓi tsokarta tana dariya, ta koma gida, ba mu sake ganinta ba. Daga nan ni da Auta muka gane karatun, ba tare da kowa ya koya mana ba.

Shekarar da na fara zama budurwa, bakina ya buɗe. Umma ta yi mini Hausa in mayar mata da Turanci, wani lokacin har da murguɗa baki. Sannan na yi dambe da wata yarinya a makaranta, aka kira gida. Abin da ya ba ni tsoro shi ne babu wanda ya yi mini faɗa. Baba ya dube ni ya kawar da kai. Umma ta shiga sauko da akwatuna daga saman kabad tana kakkaɓewa, idanunta jajur. Sai ranar Lahadi, ganyen bishiyoyi ya gama zuba, iska ta fara cizo, Baba ya ce a sa kayan kirki.

Ba a mota muka je ba. Ya ce tana gareji, alhali na hango ta a gindin tudu, ganye ya taru a gilashinta. Bas muka hau. Duk tsawon hanya addu'a ɗaya nake yi a zuci: Allah kada ya zama ni. Na yi alkawuran da ban san adadinsu ba. Ina son makarantata, ina son ƙawayena, kuma Kano a wurina wuri ne da yake karɓar mutane ba ya mayarwa.

Mai gidan abincin dattijo ne mai jan gemu na lalle, ya saba tsokanar Baba da rabin Larabci rabin Turanci. Ran nan bai yi wasa ba. Ya riƙe hannun Baba ya daɗe bai saki ba, sannan ya ja labulen da kansa. Romon ya zo, ban ji ɗanɗanonsa ba. Gurasar ta zo, na gutsuri kaɗan na riƙe har ta huce a hannuna.

Da aka ajiye kaskon dutsen, ya ɗan yi wa Auta nisa. Baba yana cikin tambayarsa karatun allo, sai ya miƙa hannu ya kama bakin kaskon ya jawo, ba tsumma ba komai, kamar wanda ya jawo kwanon roba. Bai saki ba. Ya ci gaba da magana, yatsunsa a kan dutsen, miya tana ta ɓararraka.

Umma ta fizge hannun. A hankali ta ce, "Malam, hannunka."

Ya juya tafin ya duba. Fatar yatsun ta yi fari ta tashi. Kallonta yake kamar hannun wani ne aka ba shi ajiya. Umma ta tsoma masa shi a kofin ruwan sanyi, babu mamaki a fuskarta ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi komai razana ni.

Aka kawo ragon. Baba ya yi bisimilla ya kai hannu, yatsun suka zame. Ya sake gwadawa, naman nan da ya dahu luguf ya gagare shi. Sai Umma, wadda ban taɓa ganin ta riga shi taɓa nama ba, ta yagi tsokar. Na sunkuyar da kai ina kallon gefen tiren da ke gabana, ina jiran ta sauka. Na ga inuwar hannunta ta ratsa ta wurina ta wuce. A gaban Baba ta ajiye.

Addu'ata ta karɓu, kuma ban taɓa jin nauyin abu irin na wannan karɓar ba.

Baba ya ce likitocin nan sun yi nasu, zai je gida a gwada na Hausa, kuma ya ga Yaya. Sannan ya dube ni. "Ke ce babba yanzu. Ki riƙa amsa wa Ummanku da Hausa, ta fi jin daɗinta." Ya cinye tsokar tas, a hankali, da ɗaya hannun. Ya tashi zuwa Kano kafin ƙanƙara ta fara sauka. Kafin ta gama narkewa Kawu ya bugo waya da labarin rasuwarsa.

Yanzu gidan abincin ya sauya. An sa gilasai da kujeru, matasa suna ɗaukar hoton kaskon kafin su ci. Yarana suna son abincin, ta waya suke saye, ni dai in ya iso sai in buɗe taga. Yaya ya dawo da furfura da iyali. Umma tana unguwar Concourse Village wurin Auta, kuma tun daga waccan Lahadin ba ta sake taka ƙofar wurin ba.

A farkon makon nan ta je asibiti, duba na yau da kullum, in ji ta. Da yamma ta kira ni. Muka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Ranar Lahadi ki tattaro kowa, har da Yayanki, mu je wurin Yamalawan nan. Na yi marmarin miyarsu."

Na nemi kujera na zauna. Ta ce, "Kina ji na? Kuma ke za ki yaga naman."

Da Hausa na amsa mata. Gobe ce Lahadin.