Rabin Dabinon Baba

Ina cikin tasi, cunkoso ya tsare mu tsakanin unguwar Shisha da Tandabawi a nan Makka, sai Yaya Asma'u ta kira. "Halas, shi ke nan, Hadiza, Baba ya cika yanzun nan." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun da safe aka ce in zo jikin Baba ya tsananta, na tsaya girki. Wannan jinkiri na kasa yafe wa kaina shi.

Mahaifinmu Malam Idrisa tela ne, amma Allah Ya zuba masa son tambaya. A wani tsohon littafin Larabci ya karanta gardamar masanan Turai ta ƙarnonin baya. Wasu sun ce tazara da lokaci suna rabuwa ba iyaka, wasu suka ce dole a kai ga ƙwayar da ba ta rabuwa. Baba bai taɓa zaɓar ɓangare ba. Sai ya yanka zare gida biyu, ya sake raba rabin, har abin ya gagara, sannan ya dube mu ya ce, "To, zaren ne ya ƙare, ko almakashina ne ya gaza?"

Da azumi ma bai bar mu ba. Ana kiran magariba, yana riƙe da dabino yana tambayar wane ɗan lokaci ne ƙarshen yini. Umma takan ce, "Haba Malam, a sha ruwa tukuna!"

Ni ce mai makara a gidanmu, shi kuma lauyana. In aka fara faɗa sai ya ce, "Ku ƙyale ta. Sai ta ci rabin hanya, sannan rabin abin da ya rage, sannan rabin wancan. Isowarta ma abin mamaki ne."

Bayan an sallace shi a Harami, Umma ta miƙo mini rabin dabino a ƙunshe cikin ƙyalle. Ta ce da hantsi ya raba shi, ya ce, "Ku ajiye wa Hadiza, kada wanda ya yi mata faɗa. Tana rabin hanya." Wallahi sai a lokacin kuka ya zo mini.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya sanar da shi amsar da ya daɗe yana nema. Allah Ya ba Umma da mu haƙurin rashinsa, Ya sada mu da shi a Aljanna idan mun ƙarasa tamu hanyar. Amin.