Wardin Mai Agogo

Shekara arba'in ya yi yana gyaran agogo a wata 'yar rumfa a bakin kasuwa. Da ido ya gaza ya bar sana'ar, amma sunan bai bar shi ba: Mai Agogo. Duniyarsa ta dawo tsakar gida, inda ya jera tsofaffin bokitan fenti goma sha ɗaya, ya huda gindinsu da ƙusa, ya dasa furanni. Wanda ya fi ji da shi wani jan wardi ne da matarsa ta dasa reshensa a shekarar da ta rasu. Ba ya ba shi ruwa sai ya tura yatsa cikin ƙasar ya ji ta bushe.

Sai ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta tafi tare da hannun dama. Aka ajiye masa kujera a bakin taga.

Mutanen gidan suna ƙaunarsa, kuma ta nan ɓarnar ta shigo. Surukarsa ta sayo wata tukunya mai ƙyalli ta mayar da wardin ciki.

"Baba, dubi! Furen Mama ya bar gidan haya, ya tare a gidan kansa."

Ya duba. Tukunyar ba ta da huji ko ɗaya.

Da safe ɗansa kan juye mata buta guda kafin ya fita aiki. Da hantsi surukar ta ƙara. Da la'asar ƙanwarsa, wadda ta dawo gidan don jinyarsa, ta zo da nata kofin. Kowa na zaton shi kaɗai ke tunawa da furen. Mai Agogo ne kawai ke ganin su duka uku. Yakan buga hannun kujera da hagunsa, maƙogwaronsa na gurnani.

"Yaya, wannan kishi har ina?" in ji ƙanwar tana dariya. "Ba aurensa zan yi ba, ruwa kawai nake ba shi."

Ta goge masa baki ta wuce.

Ganyen ya fara rawaya daga ƙasa. Da suka ga haka suka ƙara ruwa. Mai Agogo ya nemi biro, hagun ya zana abin da ɗan ya jujjuya ya kasa karantawa, ya ce, "Sannu Baba, huta." In iska ta kaɗo, warin ruɓaɓɓiyar saiwa yakan iso har kujerarsa.

Ranar da ya wayi gari ya ga furanni biyar jajaye a tukunyar, sai ya ƙura musu ido. Wardi ba ya haka a kwana ɗaya, sai dai na roba.

"Ka gani, Baba? Ya farfaɗo," in ji ɗan, idonsa na kan takalminsa.

Mai Agogo ya gyaɗa masa kai, don yaron ya samu ya tafi aiki. Can wani ƙudan zuma ya sauka a kan furen robar, ya ɗan taka, ya tashi ya haye katanga.