Merv da Akwatin Baƙuwa

Merv Doolan maƙwabcina ne, katangar katako ɗaya ce tsakaninmu, kuma in aka ce in faɗi wanda ya fi kowa cinye mini haƙuri a unguwar West End, ba sai na yi dogon tunani ba. A jirgin fito ya ƙare ƙarfinsa, yana jefa igiya yana ɗaure jirgi a tashoshin kogin Brisbane, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Da ya ajiye aiki sai ya rasa fasinjojin da zai riƙa cika wa kunne, matarsa Dulcie kuwa ta riga mu gidan gaskiya, don haka surutun ya dawo kaina. Ina shanya, yana magana. Ina shara, yana magana. Ko tari na yi a kicin sai ya leƙo ta saman katanga ya ce, "Coral, wannan tarin naki irin wanda aka yi bayan ambaliya ne."

Gidansa irin namu ne, na katako a kan dogayen turaku. Ƙarƙashin gidan ya raba shi biyu. Gefe ɗaya ya gyara ɗaki yana saukar da baƙi masu zuwa ganin gari, ɗaya gefen kuma ya cika shi da tarkace har rufi: fankoki marasa kai, kujeru masu ƙafa uku, tayoyin keke, agogon bango da suka daina aiki tun ina budurwa. Ka tambaye shi amfaninsu, ya ce wata rana wani zai nema.

Ɗakin baƙin nan shi ne abin da ya riƙe Merv a unguwa. 'Yarsa Sheree tana Toowoomba, can kan tudu, kuma ta daɗe tana so ta tattara shi ya koma wurinta. Shi kuwa ya ƙi ƙememe, wai mutumin da ke iya karɓar baƙi bai kai a ɗauke shi kamar kaya ba. Suka tsaya a kan cewa muddin yana riƙe da ɗakin ba tare da an kai mata ƙara ba, zai zauna. To, wurin wa baƙin suke kawo ƙarar? Wurina, tunda ni nake riƙe da makulli na biyu. Ni kuma in haɗiye, don duk haushinsa da nake ji ban taɓa son a raba shi da kogin ba.

Ƙarar kullum iri ɗaya ce. Baƙo ya fito da safe yana son ya je kasuwar bakin kogi ya sha kofi, sai ya tarar da Merv a ƙofa da hularsa mai faɗi, wai zai ɗan nuna masa hanya. Daga nan an shiga uku. Ba ya nuna wa kowa abin da ya zo gani. Bango zai kai ka, ya ɗora yatsa a sama da kanka ya ce nan ruwa ya kai a ambaliyar shekarar saba'in da huɗu. Ya ja ka wani bangon, ya ce nan kuma wadda ta biyo bayanta ta kai. Akwai wasu sababbin ma'aurata da suka dawo da rana tsaka, fuska ja wur, amaryar tana cewa ita ba ta ga komai ba a garin nan sai bango.

Sai makon fitar da tarkace ya zo, lokacin da kowa ke fito da abin da ya gaji da shi ya jibge a bakin titi kafin motar hukuma ta zo kwasa. Abin da ke bakin titi a wannan mako na duk wanda ya fara gani ne, ba tambaya, ba godiya. A wurin Merv wannan ya fi Kirsimeti. Tun rana ba ta yi zafi ba yake fita da baro.

A ranar Asabar ɗin makon ce Glenys Hartwig ta iso daga Longreach, dattijuwa doguwa, matar makiyayi, mijinta ya rasu. Bikin jikarta ta zo, amma ta ce sai ta fara yin kwana biyu a bakin kogi, don a garinsu ruwa mai yawa abin kallo ne. Ta ƙwanƙwasa gidan Merv, shiru. Ta ajiye akwatinta a bakin ƙofar waje, wani tsohon akwatin fata mai ɗaurin bel, ta shigo wurina karɓar makulli. Na ba ta shayi, hira ta yi daɗi. Da muka fito, wurin da akwatin yake wayam.

"A bakin titi kika ajiye shi?" na ce. "A wannan makon?"

"Yo, ina zan ajiye shi? A garinmu ko wata guda ya yi a nan, sai dai ki tarar kare ya kwanta a kai."

Rigar bikin tana ciki, da takalmanta, da maganin hawan jininta. Ga shi kuma a ranar Sheree za ta zo da yamma duba mahaifinta. Muna tsaye cirko-cirko sai ga Merv ya ɓullo daga kwana yana tura baro, da wata fitilar tebur a ciki. Da ya ji labari ya cire hula ya buga a cinya.

"Wanda ya yi wannan ba ɗan unguwar nan ba ne," in ji shi. "Mu mun san tarkace, mun san kayan mutane. Hajarki kawai ki kwantar, baiwar Allah, kafin la'asar akwatinki yana hannunki."

"Hankalinta, Merv," na ce.

"Shi na faɗa. Ke dai Coral, ɗauko hularki."

Haka muka shiga unguwa, shi a gaba da baro, Glenys a tsakiya, ni a baya ina cika ina batsewa. Muka fara da Stavros, tsohon Bagirken da ke zama ƙarƙashin itacen ɓaure, wanda ba abin da ke wucewa a titin bai gani ba.

"Akwati?" ya ce. "Ni yau ba wanda na gani yana jidar kaya sai wannan tsohon ɓeran."

"Ɓera ne ubanka," in ji Merv. "Wa ya ba ka murfin tukunyar da kake dafa wake da ita?"

"Murfin da bai rufe ba."

Kafin su gama wannan sai da matar Stavros ta fito wa Glenys da zaitun da cuku, aka zauna aka ci. Ni ina kallon rana tana tafiya, ba wanda abin ya dama. Daga nan muka je gidan ɗalibai a ƙasan titi, muka same su suna kokawar shigar da wata doguwar kujera ta taga. Ba su ga akwati ba, amma Merv ya tsaya ya koya musu yadda ake ɗaure igiya. Muka bi ta gidan burodi, muka bi ta bayan coci. Duk bangon da muka wuce sai ya ɗora yatsa.

"Merv, don Allah, akwati muke nema."

"Ai kan hanya ne."

Abin da ya ƙara ƙular da ni, Glenys daɗi take ji. Ita ce baƙuwa ta farko da ta taɓa tambayarsa, "To, sannan sai me ya faru?" Da muka gangara bakin kogi ta tsaya ƙarƙashin itacen jakaranda, shuɗin fure yana zubo mata a kafaɗa, tana kallon jirgin fito yana ƙetarewa.

"Kullum haka yake, a cike?" ta ce.

"Kullum," in ji Merv, kamar shi ya zuba ruwan.

Muka dawo gida hannu rabbana, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Merv ya tura baronsa ƙarƙashin gida don ya sauke abin da ya tsinta a hanya, ni kuma na bi shi da niyyar in wanke shi tas, in ce masa yau kam ba zan rufa masa asiri ba. Na buɗe baki ke nan idona ya sauka a kan tarkacen. Ga akwatin fata can zaune a saman wata tsohuwar talabijin, bel ɗinsa a ɗaure.

"Merv," na ce, "mene ne wancan?"

Ya juya ya duba. Ya matsa ya taɓa shi.

"Wa ya kawo shi nan?"

Na zaci wasa yake, har na ja dogon tsaki. Amma na san fuskar Merv in yana tsokana, kuma ba ita ce wannan ba. Gefen akwatin ga fanka, ga kejin tsuntsu, kayan da ya kwaso a zagayensa na farko da safe. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, laɓɓansa suna motsi.

"Na san fankar nan," ya ce a hankali. "Na san kejin. Wannan kuwa, Coral, ban gan shi ba. Wallahi ban gan shi ba."

Faɗan da na ɗauko tun daga bakin kogi ya bi iska, tausayi ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Glenys ta shigo ta tsaya a bayanmu, ta dubi akwatin, ta dubi Merv, ta daɗe tana kallonsa.

"Haka maigidana ya fara," ta ce mini ƙasa-ƙasa. Sannan ta ɗaga murya. "An samu, shi ke nan. In an tambaya, a wurin ɗaliban nan muka karɓo shi."

Ba a jima ba motar Sheree ta tsaya a ƙofa. Ta fito tana duba agogo kamar yadda ta saba, ta rungumi mahaifinta, ta gaida baƙuwa.

"Komai lafiya dai? Baba bai wahalar da ke ba?"

"Ko kaɗan," in ji Glenys. "Akwatina ne ya ɗan ɓata, wasu ɗalibai suka..."

"Ni na ɗauka, Sheree," Merv ya katse ta. "Na ɗauka na shigo da shi, kuma ban san na ɗauka ba. Yini guda na jawo matan nan muna nemansa."

Ina jiran Sheree ta fara faɗa, don ta iya. Sai kawai ta zauna a matakalar gidan, makullin mota a hannunta, kanta a sunkuye. Merv ya tsaya yana murza bakin hularsa.

"Gidan naki," ya ce, "akwai inda mutum zai tsaya ya hango ruwa?"

"Babu, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya mayar da hular, ya sunkuya ya ɗauki akwatin da hannu biyu.

"To," ya ce. "Bari in nuna wa baƙuwa ɗakinta."