Labarin da Na Ɗauko a Ƙofar Masallaci

Ban taɓa mantawa da ranar Larabar da aka leƙo situdiyo aka ce ana kirana a waya daga Turai ba. Lokacin ina gabatar da shirin wasanni na safiyar Asabar a gidan rediyon nan namu na Birnin Kebbi, shekarata shida a aiki, kaina kuwa ya kumbura fiye da matsayina. Ku da kuka zo aiki gidan nan daga baya kun tarar da ni ina masifa a kan kowane labari, ina tambayar wa ya faɗa maka, ya kuma san za ka faɗa wa duniya? Na san sunan da kuke kirana da shi a bayan idona, ba sai kun sunkuyar da kai ba. To yau ku ji inda masifar ta samo asali.

Shirin namu minti arba'in da biyar ne, kusan duk ƙwallo. Ni na nace aka ba ni minti biyar na ƙarshe don babbar gasar tseren motoci ta duniya, wadda nake kallo tun ina makaranta. Ga wanda bai sani ba, a gasar nan kowace tawaga direba biyu take da su, kowane direba kuma yana da injiniyoyinsa da ke bin lafiyar motarsa a kwamfuta yana cikin gudu. A watan Agusta ana hutu, babu tsere, sai surutu: wane zai bar tawagarsa, wane za a kora, wace sabuwar tawaga za a bari ta shigo. A shekarar da nake ba ku labari, wata sabuwar tawaga ce za ta shiga gasar a kakar gaba, jaridun Turai kuma sun yi makonni suna hasashen wanda zai tuƙa mata. Sunan wani babban direba yana ta yawo, shi yana musantawa, tawagarsa ma tana musantawa.

Ranar wata Juma'a a cikin watan, aka tura ni Argungu ɗauko rahoton wasan ƙwallo. Damina ta zauna, fadama ta yi kore da shinkafa, ruwa ya hana a fara wasa da wuri, sai na ratsa unguwar kawuna na yi La'asar a masallacinsu. Bayan sallama liman ya juyo ya ce, "Jama'a, Alhaji Mani yana roƙon a sa ɗansa Faruku a addu'a. Zai canza wurin aiki can Turai, a roƙa masa zaɓin Allah." Muka ɗaga hannu, muka shafa.

Faruku ba baƙona ba ne, ƙanen abokina ne. Kowa a unguwar ya san ya yi karatun injiniya a waje ya samu aiki da masu tseren motoci. Abin da yawancinsu ba su sani ba, ni na sani: a tawagar wancan babban direban yake, cikin masu kula da motarsa. Ina jin maganar liman na san akwai labari. Ko takalmi ban gama sawa ba na tari Alhaji Mani a ƙofa, na durƙusa na gaishe shi. Dattijo ne manomin shinkafa da albasa, mai fara'a, ba ya iya ɓoye murna.

Na ce, "Baba, ashe Faruku zai tashi? Ina zai koma?"

Ya ce, "Aminu, kai ne? Ai kai ka fi ni sanin wagga sana'a tasu. Tsaya ka ji da kunnenka."

Ya ciro waya daga aljihu ya kunna mini saƙon murya. Faruku ne, cikin ladabi, yana neman izinin mahaifinsa kamar yadda kowane ɗa na kirki yake yi kafin ya yanke babbar shawara. Ya ce maigidansa direban ya sa hannu da sabuwar tawaga, ya zaɓi mutum uku da zai tafi da su, shi yana ciki. A ƙarshe ya ce, "Baba, a yi mani addu'a, amma don Allah kada a hwaɗa ma kowa. Mun sa hannu ga takarda cewa ba mu magana sai an sanar."

Wannan jimla ta ƙarshe na ji ta sarai, ba zan yi muku ƙarya ba. Har na ce, "Baba, ai ya ce kada a faɗa." Alhaji ya yi dariya ya ce, "To ai ban hwaɗa ma kowa ba. Liman da mutanen masallaci ai ba kowa ba ne. Kai kuma na gida ne."

Wasan da aka tura ni ɗauka, wallahi ban san wanda ya ci ba sai da na tambayi wani a tasha. A mota zuwa Birnin Kebbi na fara tsara labarin a kaina. Abin da manyan 'yan jaridar Turai suka kasa tabbatarwa, ga shi a aljihun wani dattijo a Argungu, ni kuma na ji.

Ƙa'idar gidan nan a lokacin ita ce ta yau. Mai gabatarwa ya rubuta, edita ta duba ta sa hannu, sannan a hau iska. Labarin da ba sanarwar hukuma ba sai da majiya biyu, in babu, a kira shi raɗe-raɗi ƙarara. Editarmu Hajiya Rabi ce, wadda ta yi ritaya bara, mace mai tsantseni. Da safiyar Asabar ta karanta takardata, ta zare tabarau.

Ta ce, "Malam Aminu, ka rubuta 'mun tabbatar'. Wace ce majiyarka?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, daga cikin gidan ne. Muryar wanda ke aiki da direban na ji."

"Ta biyu fa?"

"Jaridun Turai sun yi wata guda suna faɗa."

Ta ce, "Hasashe suke yi, ba shaida ba." Sannan ta tambayi abin da ya kamata ya tsayar da ni. "Wanda ya ba ka labarin ya san za ka sa a rediyo?"

Na ce, "Bai hana ba."

Ku lura da wannan amsa. Ba ƙarya ba ce tsagwaronta, don Alhaji Mani bai ce kada in sa a rediyo ba. Bai ce ba ne saboda ko a mafarki bai zaci zan yi ba. Hajiya ba ta san tseren mota ba, ta ɗauka ƙaramin abu ne na cike minti biyar, ta sa hannu.

Na hau iska na zuba. Kuma don in nuna labarina yana da tushe, don in ɗaga jiharmu, sai na ƙara abin da babu shi a takardar da aka sa wa hannu. Na ce majiyarmu wani haziƙin injiniya ne ɗan Argungu da ke aiki da direban, wanda shi ma zai bi shi. Ban ambaci suna ba, na ɗauka na rufa masa asiri ke nan. Bayan shiri na rubuta labarin da Hausa a shafin gidan rediyo na intanet, na tafi gida Gwadangaji ina jin kaina a sama. A tunanina wa zai karanta Hausa a can?

Ranar Litinin ina shiga ofis, mai kula da shafinmu ya tare ni ido waje. Ya ce, "Oga, zo ka ga ikon Allah." Wani mai bin tsegumin gasar ya tsinci rubutuna, ya sa na'ura ta fassara masa, ya yaɗa. Ga hoton shafinmu, ga tambarin gidan rediyonmu, a ƙarƙashi ana ta muhawara da harsunan da ban ma san sunansu ba. Kafin Azahar wasu jaridun wasanni sun ɗauka, suna cewa wani rediyo a arewacin Najeriya ya ambato injiniyan direban. Kuma don ku san irin wautata, murna na yi. Manaja ya kira ni ofishinsa ya miƙo mini hannu, abokan aiki suna ta tsokanata da ɗan jaridar duniya. Kwana biyu ina yawo ina washe haƙora, ko sau ɗaya ban tambayi kaina injiniya ɗan Argungu nawa ne a tawagar nan ba. Shi kaɗai ne, ko daga Najeriya gaba ɗaya.

Sai Laraba. Na ɗauki waya ina gyara murya, na zaci wata jarida ce ke son hira da ni.

"Yaya Aminu, Faruku ne."

Muryarsa a kwance, ba faɗa ba hargowa. Ya ce jiya da safe an kira shi ofis, aka nuna masa rubutuna an fassara. Aka karɓi katin shigarsa da kwamfutarsa, mai gadi ya raka shi har bakin ƙofa. Yau kuma sabuwar tawagar ta aiko masa cewa ta janye tayinta, ba ta ɗaukar wanda bakinsa ke yoyo. Direban da ya zaɓe shi da kansa ya daina ɗaga wayarsa. Takardar zamansa a ƙasar kuma a kan aikin take.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan teburin sakatariya. Na ce, "Faruku, ban faɗi sunanka ba." Ya ce, "Yaya, da ka hwaɗi sunana ma da ya fi sauƙi, da na ce wani Faruku ne. Shekara tara nike bin wanga aiki." Na ce zan goge, zan janye, zan ce ƙarya na yi. Ya ce, "Ka goge mi? Gaskiya ce ka hwaɗi. Tambaya guda nike da ita. Ka ji ƙarshen saƙon, ko Baba ya kashe kahin nan?"

Da na ce ban ji ba, da ya yarda. Na ce, "Na ji." Ya ce, "To, Allah shi kyauta," ya ajiye.

Hajiya Rabi ta sa aka kawo faifan shirin ta saurara. Da ta zo inda na ƙara maganar ɗan Argungu, ta kashe na'urar ta dube ni. Ta ce, "Wannan babu shi a abin da na sa wa hannu." Aka ba ni takardar neman bayani, na amsa laifina, aka dakatar da ni daga iska wata uku. Manajan da ya miƙo mini hannu ranar Litinin shi ya sa hannu a takardar. Ban ga laifinsa ba.

Hukuncin ofis bai dame ni ba kamar tafiya Argungu. Na yi kwana huɗu ina ɗagawa, ranar na biyar na shiga mota. Na tarar da Alhaji Mani a zaure shi kaɗai, ya rame a 'yan kwanakin nan har na tsorata. Na zube ƙasa a gabansa. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Aminu, mutum nawa ka gani a masallaci ran nan?"

Na ce, "Za su kai arba'in, Baba."

"Da yawansu sun biyo ni gida sun ji abin da ka ji. Akwai dillali cikinsu, akwai direban tasha, akwai wanzami da bakinai bai rufuwa. Ko guda bai kai ta kasuwa ba, don sun san abin da anka kawo don addu'a ba na hira ba ne. Ni na yi kuskure, yaro ya ce kada in hwaɗi, murna ta ɗebe ni. Wannan tsakanina da shi ne, na roƙe shi gahwara. Amma ni ɗan unguwa na kunna ma waya, ban san ɗan jarida ne ya durƙusa gabana ba."

Na yi kuka a zauren nan kamar ƙaramin yaro. Ya bar ni na gama, ya ce in tashi, ya yafe nasa, na Faruku kuma sai in nema a wurinsa.

Bayan wata huɗu aka sanar a hukumance: direban ya koma sabuwar tawagar, daidai yadda na faɗa, harafi ɗaya bai canza ba. Na dawo aiki lokacin, ni na karanta sanarwar a iska. A hoton da suka fitar yana tsaye da injiniyoyinsa uku, na ukun wani ne daban.

Abin da na koya ke nan, kuma ba a koyar da shi a makarantar aikin jarida. An horar da mu mu tambaya ko labari gaskiya ne, sai mu ɗauka in gaskiya ne shi ke nan. A garuruwan nan namu kuwa mutane suna buɗe mana ciki ne don sun san iyayenmu, ba don katin aikin jarida da ke wuyanmu ba. Kafin ka rubuta, ka tambayi kanka a matsayin wa aka gaya maka. Idan a matsayin ɗan gida ne, ka koma ka ce, Baba, yanzu ɗan jarida ne ke tambaya, in faɗa? Kuma waccan gasa da muke cike minti biyar da tseguminta, wane zai koma ina, akwai ɗaruruwan ma'aikata a bayan kowane suna, da iyayensu.

Faruku ya dawo gida kafin shekara ta ƙare. Ya nemi aiki a wasu tawagogin, babu wadda ta amsa masa. Yanzu yana Argungu, ya buɗe wurin gyaran injinan ban ruwa, manoma daga Augie da Gulma suna layi a ƙofarsa don hannunsa babu na biyu. Na je na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe. Na taɓa tambayarsa ko yana kallon tseren. Ya ci gaba da ɗaure kusoshin da ke gabansa, ya ce, "A'a, Yaya. In na ji ƙarar motocin ba ni iya cin abinci."