Kifin da Tokuji Ya Buɗe wa Shinge

Shekara arba'in da ɗaya Iwama Tokuji ya yi yana tare kifin salmon a bakin kogin garinsu, ko sau ɗaya bai bar guda ya wuce ba. Aikinsa ke nan a gidan ƙyanƙyasa na ƙungiyar masunta. Da kaka, in kifin ya baro teku zai hau kogi ya yi ƙwai, sai ya tarar da shingen ƙarfe daga gaɓa zuwa gaɓa, ga Tokuji cikin ruwa har ƙugu da kulkinsa. Bugu ɗaya a ka, a farke cikin macen, a juye ƙwan a kwano, a tatsa ruwan namijin a kai, a kai tanki. In sanyi ya wuce a saki 'ya'yan, bayan shekara huɗu su dawo, a sake tare su.

A da kam suna dawowa, har kogin ya yi baƙi. Kowane gida ka duba an rataye kifi mai gishiri a bakin rufi yana shan iska. Duk dubun da aka kashe sai a kafa gungume a gaɓa a yi musu addu'a, kuma yawancin gumaguman nan hannun Tokuji ne.

Sai kifi ya soma ja baya. Wasu suka ce teku ce ta yi ɗumi, wasu suka ce kifin tanki rago ne, ya lalata irin na kogi. Wata malamar jami'a ta taɓa roƙonsa ya riƙa barin ɗaya cikin goma ya wuce ya yi ƙwai da kansa. Tokuji ya kore ta, ya ce wadda ba ta taɓa jiƙa ƙafa ba ce za ta koya masa kifi? Matarsa Kiyoe tana tsaye tana jin su.

Bara shugaban ƙungiya, Haga, ɗan abokinsa, ya ce an gama: tankuna za su koma renon kifin keji, wanda ake ɗura wa abinci a cikin teku.

"Baba, na keji ba ya ɓata hanya. Naka kuwa mun gaji da jira."

"Wancan kifi ne? Kaza ce ta koyi iyo," in ji Tokuji. Aka yi dariya, aka kuma wanke tankunan.

Kakar nan kifi goma sha ɗaya suka zo. Biyun ƙarshe mace ce da namiji. Abin ya ci Tokuji ƙwarai. Ya yi shawara da zuciyarsa: in waɗannan biyun suka yi ƙwai a tsakuwa, kogin bai mutu ba. Da tsakar rana ya ajiye kulki, ya ɗaga ƙofar shingen.

Shi da Kiyoe suka bi su ta gaɓa har wurin tsakuwar da mahaifinsa ya ce a nan kifi ke haƙa rami da wutsiya. Kifin ko kallon tsakuwar ba su yi ba. Suka wuce kai tsaye zuwa bututun da ruwan gidan ƙyanƙyasa ke fitowa, suka shiga dukan ragar ƙarfen bakinsa da hanci. Ƙamshin ruwan da aka rene su suka biyo. Ya kora su da sanda, suka koma. Ya ɗauki macen ya dire ta kan tsakuwa, ta koma.

"Bar ta, tsoho," in ji Kiyoe. "Gida ta zo. Wane gidan ka taɓa nuna mata ban da wannan?"

Rana ta uku ya tarar da macen kifin a bakin bututun, hanci a daddauje, ciki dam da ƙwai, ta daina motsi. Hannunsa ya kai ga wuƙa kamar kullum. Sai ya tuna ba sauran tankin da zai kai ƙwan.